Masaƙar Kakuri ba za ta tashi da alƙawari ba

Kamfanin KTL da ke Kakuri ya girmi 'yancin kan Najeriya da shekara uku. A 1957 ya fara aiki, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Bayansa UNTL ya zo a 1964, haka ma Arewa Textiles da sauran masaƙu suka zo, har Kudancin Kaduna ta zama wurin da jiniyar canjin aiki ke faɗa wa mutane lokaci. A ƙarshen 2002 aka rufe KTL. Yawancinmu masu karanta wannan mujalla ko dai muna goye a lokacin, ko kuma ba a ma haife mu ba. Mun yi rarrafe, mun yi firamare da sakandare, ga mu muna shirin karɓar difloma, ƙofar nan tana nan a garƙame.

Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a daina jiran ranar da injinan nan za su sake ruri. A mai da filin unguwa mai rai, wadda ta haɗa gidajen zama, shaguna, wuraren sana'a da masaukin ɗalibai. Na san akwai waɗanda maganar za ta ɓata wa rai, musamman 'ya'yan tsofaffin ma'aikata da ke cikinmu, kuma suna da hujja: kanti ba ya ɗaukar mutum dubu aiki, masaƙa kuwa ta ɗauka. To amma a duba abin da ya kashe ta. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina, ƙarancin auduga mai kyau, ga atamfar waje mai araha da ta cika kasuwa. Wanne ne daga ciki ya kau? An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu, UNTL ya sake buɗewa a 2010 bayan rufewar 2007, amma Kakuri ba ta dawo yadda take ba. KTL kuwa, wanda jihohin Arewa 19 ke da shi, ya zama tamkar jakin gayya: kowa nasa ne, ba mai ba shi dusa. Duk kakar zaɓe sai a yi masa alƙawari, damina kuma ta ci gaba da cin rufinsa.

Ba mu ne farkon waɗanda masana'anta ta mutu a hannunsu ba. A birnin Lodz na ƙasar Poland akwai katafariyar masaƙar Poznanski, wadda ta durƙushe a shekarun 1990. Ba su rushe ta ba. Sun gyara gine-ginen jan bulon, suka buɗe wurin a 2006 da sunan Manufaktura, da kasuwa da silima da gidan tarihin masaƙar a ciki. A Landan, tashar lantarki ta Battersea ta daina aiki a 1983, ta yi kusan shekara 40 a yashe kafin a buɗe ta a 2022 da gidaje, ofisoshi da shaguna, har da sabuwar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai dai fa a can ma an yi abin da nake jin tsoro: gidaje 636 aka yi alƙawarin warewa ga masu ƙaramin ƙarfi, a 2017 aka zaftare su zuwa 386.

Wurin da ya fi kama da namu shi ne Mumbai ta Indiya, kuma a nan ya kamata mu buɗe ido sosai. Bayan dogon yajin aikin ma'aikatan masaƙu na 1982, masaƙun birnin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1991 aka yi doka mai kyau: duk mai son sayar da filin masaƙa, a raba shi uku. Kashi ɗaya na birni ne don filin shan iska, ɗaya na gidajen talakawa, ɗaya na mai kamfani. A 2001 sai aka taɓa 'yan kalmomi a dokar, aka ce rabon ya shafi filin da babu gini a kansa ne kawai. To masaƙa ai kusan duk gini ce! Da wannan ɗan gyara rabon jama'a ya koma ɗan tsito, Kotun Ƙoli kuma ta amince da shi a 2006. Yau Phoenix Mills kantin masu hannu da shuni ne, iyalan masaƙa da yawa kuwa tsadar haya ta tura su bayan gari. Ba da bulldoza aka ƙwace musu ba, da biro ne.

Saboda haka ba cewa nake a miƙa Kakuri ga duk wanda ya zo da hoton dogayen benaye a kwamfuta ba. Abu na farko, a biya tsofaffin ma'aikatan KTL haƙƙinsu na sallama, wanda suka shafe shekaru suna bi, wasu har suka rasu ba su gani ba. Kuɗin farko da filin ya kawo nasu ne, kafin a aza bulo ko ɗaya. Sannan a rubuta rabon gidaje masu sauƙin haya a cikin takardar mallakar filin kanta, da lamba, yadda ba za a iya sauya shi a wani taron sirri ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka ba a rasa ikon gindaya sharaɗin ba.

Akwai kuma batun ƙasar wurin. Shekara da shekaru ruwan rini da sinadaran masana'antun Kakuri suna bi ta magudanar Makera zuwa Kogin Kaduna. Kafin a ce yara su yi wasa a wurin ko a haƙa rijiyar burtsatse, dole a gwada ƙasa da ruwa, a kuma fito da sakamakon kowa ya gani.

Su kuma manyan zaurukan saƙa, don Allah kada a rushe su. Faɗinsu da tsayinsu sun dace da teloli, masu ɗinkin kayan makaranta, marina, masu gyaran waya da masu walda, ga wutar sola a kan rufi. Ka ga ashe zare da allura ba su bar Kakuri ba ke nan, kuma abokanmu da suka karanta fasahar saƙa da ɗinki sun sami wurin farawa maimakon rumfar bakin titi. Kano ta bar dalar gyada ta ɓace, yanzu sai dai a nuna wa yaro hoto. Bai kamata mu maimaita ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a masaƙun nan Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe sun yi aiki a layi ɗaya, sun shiga ƙungiyar ƙwadago ɗaya. Bayan rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu, kowa ya koma ɓangaren da yake jin zai yi barci da ido biyu a rufe. Unguwar da za ta sa mutanen Tudun Wada da na Sabo su riƙa haɗuwa kullum saboda neman abinci ta fi taron zaman lafiya goma a otal.

Ina namu a ciki? Kwalejin Nazarin Muhalli tana Barnawa, kuɗin Keke ɗaya tsakaninta da Kakuri. Muna da masu karanta zanen gine-gine, tsara birane, safiyo, ƙididdigar kayan gini da kula da kadarori, amma duk shekara sai a yi ta zana kantunan da babu su a filayen da babu su. Ina kira ga ƙungiyar ɗalibai ta zauna da shugabannin waɗannan sassa, a nemi izinin masu kamfanin a rubuce, 'yan ajin ƙarshe na baɗi su auna filin KTL, su tantance ginin da zai gyaru da wanda ba zai gyaru ba, su zana tsari biyu ko uku. In an gama, a baje su a Kakuri, a gayyaci tsofaffin ma'aikata da masu unguwanni su fara gani kafin kowane kwamishina.