Kirci: Kafin a zargi nonon uwa, a duba kwandon wanka

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ka ga mata a layin asibiti da jarirai a goye, kumatun yaran sun bushe sun yi furu-furu, wani wurin har yana tsattsafo da ruwa. Jariri ba shi da bakin cewa ƙaiƙayi yake ji, sai dai ya yi ta goga fuska a zanin goyo, ya hana kowa barci. Kafin a je gaban likita kuwa an riga an yanke hukunci a gida: ko nonon uwar ne ba shi da kyau, ko wani abu ta ci tana da ciki, ko ƙazanta ce ta yi mata yawa. Wannan hukunci zalunci ne, shi ya sa na ware wannan rubutu domin kirci, wanda likitoci ke kira egzima.

Tushen ciwon yana cikin fatar kanta. Lafiyayyar fata kamar katanga ce mai kyakkyawan yaɓe, tana riƙe danshi a ciki, tana tare ƙura da ƙwayoyin cuta a waje. Mai kirci da yaɓe mara ƙwari aka haife shi, danshi ya yi ta tsiyayewa, abin da bai kamata ya shiga ba ya shiga, garkuwar jiki kuma ta tayar da hankali fiye da kima. A 2006 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sikotland suka nuna cewa tawayar ƙwayar halittar da ke ƙera sinadarin filagirin na cikin manyan dalilan hakan, duk da cewa irin tawayar da suka gano ta fi yawa a Turawa fiye da baƙar fata. Abin da ya fi shafar mu shi ne gado. Idan a dangi akwai mai asma, ko mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido, to yaron gidan ya fi kusa da kamuwa, kuma gadon yana iya fitowa ta wajen uba kamar yadda yake fitowa ta wajen uwa. Yawancin masu ciwon suna farawa ne kafin shekara 5, da dama tun kafin su cika shekara guda. Ba a ɗaukarsa a jikin wani, don haka babu dalilin hana yara wasa da mai shi.

Gado dai ba mu da iko a kansa. Amma abin da ke tayar da ciwon, mu ke sayo shi da kuɗinmu. A duba yadda muke yi wa jariri wanka: ruwa mai zafi sosai, soso mai kaushi, sabulu mai ƙamshi ko na kashe ƙwayoyin cuta, a ɗiga maganin wanke rauni a baho, a tsane shi a bulbula masa hoda, sannan a turara kayansa. Duk cikin ƙauna ake yi, na sani, kuma kakanni ba su nufin sharri. Sai dai yawancin waɗannan suna kankare ɗan maiƙon da fatar ke kare kanta da shi. Ƙara da garin wanki da ba a ɗauraye sosai ba, da rigar sanyi ta ulu ko leda a kan tsurar fata, da gumin watan Afrilu. Abinci kamar ƙwai, madarar shanu da gyaɗa yana tsananta wa wasu yara, musamman waɗanda nasu ya yi ƙamari, amma likita ne zai tantance. Ana hana uwa mai shayarwa abinci iri-iri bisa zato, har ma a yaye yaro ba lokaci ba, kircin kuma yana nan.

Na manya sau da yawa sana'a ce ke kawo shi. Birkila da leburansa hannuwansu na tsagewa saboda sinadarin kuromiyam da ke cikin siminti. Mai wankau, mai wankin mota da matar da ke wuni a bakin wanke-wanke, ruwa da sabulu ne ke cin nasu. Amarya ta sha baƙin lalle mai dayis, bayan kwana biyu zanen ya kumbura ya yi ƙuraje, saboda sinadarin PPD da ke cikinsa, wanda yake cikin rinin gashi ma. Ɗan kunne, agogo ko kan bel mai nikel yana barin tabo daidai inda ya taɓa. Tsofaffi kuwa bushewar fata ce da kumburin jijiyoyin ƙafa. Damuwa da rashin barci suna ƙara rura shi.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne kyamis. Uwa ta nuna kumatun ɗanta, a miƙo mata man da aka ce yana maganin komai, alhali a cikinsa akwai sinadari mai ƙarfi irin kulobetasol. Cikin kwana uku fuska ta yi sumul, sai a ci gaba da shafawa wata da watanni, wasu har su juye shi cikin man shafawar yaro. Fatar jariri tana zuƙe shi zuwa cikin jiki, ta sirance, ta yi haske, kuma ranar da aka daina ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Irin waɗannan magunguna suna da amfani idan likita ya zaɓi mai sauƙi ya ƙayyade kwanaki. Sayar da su kamar alewa ne ya kamata hukumar NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna su taka wa birki da gaske. Ga kuma ruɗani: makero, kyasbi da ƙazuwa duk suna iya kama da kirci, amma kowanne maganinsa daban.

A gida, a rage zafin ruwan wanka, a ajiye soso da sabulu mai ƙamshi, a shafa basilin mara turare ko tsantsar man kaɗe tun jiki da ɗan danshi, a maimaita sau biyu ko uku a rana, a yanke wa yaro farce, a sa masa kayan auduga. Idan wurin ya fara mugunya, ko ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso tare da zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga, a kai shi asibiti a ranar.