Banki Da Tashar Mota: Wa Za Mu Kai Wa Kuka?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu mutanen karkara, wato halin da muke shiga a bankuna da kuma tashoshin mota.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda a ƙofar gida, su sukari da omo da maggi da batir. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka masu ilmi su yi mini afuwa in na yi kuskure. Amma dai an ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Bari in fara da abin da ya same ni a daminar 2025. Masarata ta kai mako shida, tana neman taki na biyu, sai na je wajen mai sayar da taki a kasuwarmu muka yi cinikin buhu biyu na yuriya. Na tura masa naira 76,000 ta waya, nan take saƙo ya shigo mini cewa an cire kuɗin, shi kuwa bai ga komai ba. Muka zauna har la'asar yana duba waya ina duba waya. Ban ga laifinsa ba da ya hana ni ɗaukar takin, domin shi ma an sha cutarsa da saƙon bogi. Bankin da nake ajiya ba shi da reshe a ƙaramar hukumarmu, sai an je Zariya. Zuwan farko na tarar da layi tun daga bakin ƙofa, aka ba ni lamba, da na kai ga kanta aka ce babu sabis, in dawo gobe. Zuwa na biyu wata yarinya ta miƙo mini fom da Turanci, ba ta ko ɗago kai ta dube ni ba, sai wani ɗalibi da ke bayana ne ya taimaka ya cike mini, Allah ya saka masa. Zuwa na uku aka ce an tura maganar hedkwata. Kowane zuwa naira 4,000 kuɗin mota, ban da abin da zan ci, ban da tireda da na rufe, ban da gona da na bari. Sai da aka yi kwana 19 kuɗin ya dawo da kansa cikin dare, babu ko wanda ya ce mini yi haƙuri. Kafin nan masara ta yi ɗorawa, lokacin takin ya wuce. Duk manomi ya san abin da hakan ke nufi in kaka ta yi. Kuma a shekarar ce farashin masara ya faɗi warwas alhali taki bai sauko ba.

Daga baya wani malamin makaranta a garinmu ya faɗa mini cewa tun shekarar 2020 Babban Bankin Nijeriya ya kafa doka a kan irin wannan. In na'urar ATM ta wani banki ta cire maka kuɗi ba ta ba ka ba, kada a wuce awa 48 ba a mayar maka ba, in ta POS ce awa 72. Ya ce kuma in ka kai kuka bankinka aka yi mako biyu ba a share maka hawaye ba, akwai sashe na musamman a Babban Bankin da ke karɓar ƙarar masu ajiya. To jama'a, mutum nawa ne a ƙauye suka san da wannan? Na dudduba bangon bankin nan sau uku, hotunan talla ne kawai na mutane suna dariya, ban ga inda aka rubuta haƙƙin mai ajiya da Hausa ko da ajami ba.

Abin da nake so masu karatu su lura da shi, ga mutumin birni banki daban, mota daban. Ga mu kuwa masifar guda ce, domin ba ka isa bankin sai ka shiga motar. Duk kuskuren da na'urarsu ta yi, kai ne za ka biya shi a tasha.

Da ba haka abin yake ba. Dattawa sun ba mu labari cewa a 1977 gwamnati ta tilasta wa bankuna su buɗe rassa a karkara, suna so ko ba sa so. A zamanin Babangida aka kafa Bankin Talakawa a 1989, aka kuma fara bankunan al'umma a 1990. Ba na cewa duk sun yi aiki yadda ya kamata, da yawansu sun mutu da kuɗin mutane. Amma aƙalla niyyar ita ce banki ya zo inda talaka yake. Ina yaro na sha raka mahaifina da ɗan littafinsa na ajiya a naɗe cikin leda, kashiya ya san sunansa, ya san na kakana, sai sun gaisa sun tambayi gona kafin a ƙirga kuɗi. A 2004, lokacin da Soludo ke shugabancin Babban Banki, aka ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. Masana sun ce hakan ya ƙarfafa su, na yarda. Sai dai da suka yi ƙarfi suka tattara suka koma manyan garuruwa inda manyan kuɗi suke, sannan rashin tsaro ya zo ya ba su hujjar rufe 'yan rassan da suka rage.

Mu kuwa da yawanmu ba mu damu ba, tunda muna cinikinmu hannu da hannu. Sai ga canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Emefiele ya sanar da cewa za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ranar 31 ga Janairun 2023 a matsayin wa'adi, daga baya aka ƙara kwana 10. Muka yi biyayya, muka kwashi tsofaffin kuɗi muka kai, sababbin kuwa ko ƙyallinsu. Na ga dattijo ya kwana a gindin ATM da bargonsa. Na ga mace ta sayar da akuya rabin kuɗinta don kawai mai saye yana da tsaba a hannu. Ni da kaina na biya naira 2,000 don a ba ni 10,000 daga cikin kuɗina. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris na 2023 aka ci gaba da karɓar tsofaffin. Wancan lokacin ne aka tura mu cikin banki da ƙarfin tsiya, amma ba a ƙara ma'aikata ba, ba a ƙara rassa ba, ba a gyara sabis ba.

Tun daga nan mai POS ya zama shi ne bankin ƙauye. Ba na zagin yaran nan, sana'a ce, kuma ba don su ba da mun shiga uku. Tambayata ita ce, me ya sa za ka je ATM ka tarar babu ko sisi, ka tsallaka titi ka ga yaro a ƙarƙashin laima da bandir-bandir? Daga ina ya samo? Ga kuma 'yan cire-ciren da ba sa ƙarewa: na saƙon waya, na kati, naira 50 a kan kuɗin da ya kai 10,000, kusan naira 7 duk lokacin da ka danna lambobin nan a ƙaramar waya. Daga watan Maris na 2025 kuma aka ce in ka ciri kuɗi a na'urar bankin da ba naka ba za ka biya naira 100 a kan kowace 20,000. Ga mai albashi mai tsoka wannan ba komai ba ne. Ni kuwa ribata a kan katan ɗin omo nawa take? Kuma ba wai bankunan nan suna cikin talauci ba ne, domin ribar da suka ci daga faɗuwar naira ta kai har gwamnati ta sa musu haraji na musamman a kanta a 2024.

To mu dawo tasha. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 ta wuce 1,000. A 2025 ta ɗan sauko, amma ni dai ban ga tashar da aka rage wa fasinja ko kwabo ba. Tsadar ma da sauƙi in da ana samun abin da aka biya. Motar da aka ƙera don mutum huɗu ban da direba, yanzu biyu a gaba, huɗu a baya, wani lokaci har da yaro a but a kan buhuna. Za ka biya kuɗi ƙarfe bakwai na safe, 'yan kamasho su zazzauna a ciki kamar fasinjoji don ka zaci ta kusa cika, ba za a tashi ba sai rana ta take. In ka yi magana a ce sauka, kuɗinka kuwa ba ya dawowa cikin daɗin rai. In ta lalace a daji, direba ya tare wata ya cusa ku, ko ya ce kowa ya yi ta kansa. Kayan tireda da nake sarowa a kasuwar Singa ta Kano, kuɗin dakonsu kaɗai yana neman cinye ribar, kuma sau biyu galan ɗin man gyaɗa yana fashe mini saboda irin lodin da ake yi, babu wanda ya biya.

Gaskiya ban ɗora wa direbobi duka laifin ba. Ina da ƙane direba, na san lissafinsa. Mai, taya, gyaran da lalacewar hanya ke jawowa kowane mako, tikitin ƙungiya, tikitin ƙaramar hukuma, abin da zai miƙa a kowane shinge, sannan balas ɗin mai mota da yamma. In bai cusa mutum shida ba, da me zai koma gida? Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano tun ƙarshen 2017 aka ba da kwangilarsa, a 2024 aka karɓe ɓangaren da ya rage daga hannun kamfanin farko ba a gama ba. In babban titin Arewa ke nan, ina ga namu na ƙauye? Shi direba an matse shi daga sama, shi kuma sai ya matse na ƙasa da shi, wato ni.

A 1988, da rayuwa ta yi tsada saboda shirin SAP, gwamnatin tarayya ta fito da shirin motocin sufurin jama'a, jihohi ma suka zuba dogayen bas. Mun shige su muna samari, akwai tikiti, akwai lokacin tashi, kujera ɗaya mutum ɗaya. Amfaninsu ba ga masu shigarsu kaɗai ya tsaya ba, domin muddin motar gwamnati na tsaye a gefe da farashi mai sauƙi, 'yan tasha ba sa iya yin yadda suka ga dama. Motocin gas da aka yi ta shela a rediyo bayan cire tallafi, a hanyarmu dai ban taɓa cin karo da ko ɗaya ba. Jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 abin alheri ne, amma ba ya ɗaukar buhun masara, ba ya kuma biyowa ta wajenmu.

Ni a ganina, abin da ya haɗa ma'aikaciyar bankin nan da ɗan kamasho abu ɗaya ne: dukansu sun san ba ni da wani wajen zuwa. In na yi fushi da wannan banki, na gaba ma yana Zariya, halinsu ɗaya. In na sauka daga wannan mota, ta bayanta 'yar ƙungiya ɗaya ce, farashi ɗaya. Shi ya sa wasu matasanmu suka koma bankunan waya marasa ofis, sun ce sun fi sauri. Na ga alamar haka, amma ranar da kuɗi ya maƙale a can, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa? Wasu dattawa kuma sun koma sayen tumaki da ɓoye kuɗi a rufin ɗaki, a wannan zamani da ɓarayin daji ke bin gida-gida.

Don haka ina kira ga Babban Banki da ya tilasta wa kowane reshe ya liƙa dokar mayar da kuɗi a bakin ƙofa da Hausa, a kuma riƙa karanta ta a gidajen rediyo. In wa'adi ya wuce ba a mayar ba, a ci bankin tara, tarar kuma ta shiga aljihun mai kuɗin, tunda shi ya sha wahalar. A kuma dawo da dokar nan ta da, duk bankin da ke son buɗe reshe na goma a birni ya buɗe ɗaya a ƙaramar hukumar da ba ta da shi. Gwamnonin Arewa kuwa, maimakon rabon shinkafar da ba ta isa ko'ina, ku sa mana bas ko guda biyu a kowace hanyar kasuwa ranar da take ci, ku rage shingaye. Shugabannin ƙungiyar direbobi, ku da kuke karɓar tikiti kullum, don Allah ku ajiye mutum ɗaya a kowace tasha wanda fasinja zai kai wa ƙara ya saurare shi.

Ina kuma roƙonka Edita, ka tura wakilinka ƙofar kowane banki a Zariya ko Funtuwa ranar Litinin da safe, ya tambayi mutanen da ke layi daga wane gari kowa ya taso da nawa ya biya kuɗin mota, ya buga mana amsar a wannan shafi.

Wassalam.

Naku,
Wani manomi ɗan tireda,
daga ƙasar Zazzau, Jihar Kaduna.