Jita-jitar Waya Da Mutanen Ƙetaren Kogin Kaduna

Kwanan baya da sassafe na shiga motar haya daga Sabon Tasha zan tafi wurin aiki. Mun wuce unguwar Talabijin ke nan sai wata baiwar Allah da ke kujerar baya ta kunna wani saƙon murya da aka aiko mata ta WhatsApp. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi unguwar da yake ba, bai kuma ambaci ranar da yake magana ba. Iyakar abin da ya ce, yana ta haki, shi ne wai an fara a cikin gari, kada kowa ya kuskura ya ƙetare gada. Nan take mota ta yi tsit, mutum biyu suka ce a sauke su. Direba kuwa ya gangara gefen titi, ya buga wa wani abokin sana'arsa da ke lodi a bakin babbar kasuwa, aka ce masa lafiya lau, 'yan kasuwa ma suna ta buɗe rumfuna. Muka ƙetare gadar nan ta kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, ba mu tarar da kowa ba sai masu tallan burodi da 'yan makaranta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halin wani dattijo da ke zaune kusa da ni, da ganinsa ka ga ma'aikacin gwamnati, ga fayil a cinya, ga alƙalami a aljihu. Ashe shi ma saƙon ya shigo wayarsa, kuma kafin direba ya gama magana har ya tura shi zaure uku. Na ce masa, “Yallabai, da ka ɗan dakata mun ji abin da direba zai ce.” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, ai rigakafi ne. In gaskiya ce na ceci wani, in kuwa ƙarya ce ba a yi asarar komai ba.” To, wannan magana tasa ita nake so mu tattauna a kanta yau, domin na tabbata da yawa daga cikin masu karatu haka suke gani, ni kuwa ina ganin a garin Kaduna babu kuskuren da ya fi wannan haɗari.

Sai mun waiwaya baya kafin mu gane dalili. Kudancin birnin Kaduna, watau ƙetaren kogi, ma'aikata ne suka raya shi. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu masaƙun kamar su UNTL da Arewa suka biyo baya. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan, a 1980 kuma aka buɗe matatar mai a hanyar Kachia. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda dubban mutane ke kwararowa Kakuri da Makera a kan kekuna lokacin canjin aiki, Bahaushe da Bagwari da Bajju da Tibi da Bayarabe da Ibo, Musulmi da Kirista, kowa na gefen ɗan'uwansa a bakin inji. A wancan zamani in an ce wani abu ya faru a Tudun Wada ko a Nasarawa, ba sai ka yi dogon bincike ba, wanda ya kwana a unguwar yana tsaye kusa da kai, tambayarsa kawai za ka yi.

Wannan zama ya watse ta hanya biyu. Rikicin Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002 sun sa jama'a sun yi ta ƙaura, akasarin Musulmi suka tattara arewacin kogi, akasarin Kirista suka tattara kudancinsa, ko da yake har yau akwai unguwannin da ake cuɗe. Masaƙun kuma suka yi ta rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007. A tsakanin waɗannan shekaru ne, cikin Agusta 2001, wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya. Watau a daidai lokacin da muka daina haɗuwa ido da ido, a lokacin ne aka damƙa mana abin da zai riƙa ba mu labarin juna daga nesa. Yau akwai saurayi a Narayi wanda ba shi da aboki ko ɗaya a Rigasa, akwai kuma na Rigasa wanda bai taɓa taka Unguwar Romi ba. Duk abin da kowannensu ya sani game da ɗayan, waya ce ta gaya masa. In wayar ta yi masa ƙarya, wa zai ƙaryata ta?

Sai mu duba maganar dattijon nan, wai in ƙarya ce ba a yi asarar komai ba. Masu karatu za su tuna da daren nan na farkon Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da aka yi ta tashin mutane daga barci ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Ni kaina da asuba wata gwaggona ta bugo mini tana roƙona da in tashi in dafa ruwa. Duk waɗanda suka yaɗa wannan saƙo ƙauna ce ta sa su, babu mai mugun nufi a cikin 'yan'uwan da suka bugo mana. Amma an kwantar da mutane a asibiti a wurare da dama, an kuma ba da labarin waɗanda suka rasa rayukansu saboda shan gishiri, alhali cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da ita ran 20 ga Oktoba na wannan shekara.

Na gishiri ma da sauƙi, domin mutum kansa ya cuta. Ran Alhamis 18 ga Oktoba 2018 aka yi rikici a Kasuwan Magani, cikin ƙaramar hukumar Kajuru, 'yan sanda suka ce mutum 55 sun mutu. Kwana uku bayan haka, ran Lahadi 21 ga wata, jita-jita ta game birnin Kaduna, kowane ɓangare yana jin wai ɗayan na tafe. Masu gudu suka yi ta gudu, waɗanda suka ga ana gudu suka ɗauka abin da aka faɗa ya tabbata, matasa suka tare hanyoyi. Kafin ƙura ta lafa an rasa mutum sama da 20, gwamnati ta kafa dokar hana fita dare da rana. Waɗanda abin ya fi rutsawa da su matafiya ne da masu neman abinci, waɗanda tsautsayi ya sa lokacin ya same su a unguwar da ba tasu ba. A wannan shekarar ce kuma binciken BBC ya nuna cewa wani bidiyon da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin Jihar Filato na watan Yuni, wanda ya harzuƙa mutane ƙwarai, an ɗauke shi ne a ƙasar Kwango tun shekaru kafin rikicin.

Ga inda lissafin dattijon ya karye. Shi yana zaton saƙon gargaɗi yana sa mutane su zauna a gida ne kawai. Amma saƙon da ya sa uwa ta kulle ƙofa, shi ne kuma yake sa ɗanta ya ɗauki sanda ya fita bakin titi. Wanda ya tura ba shi da ikon zaɓen wanda zai ji, ba shi kuma da ikon janyewa. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi muni, don takan kwanta a cikin wayoyin mutane shekara da shekaru, ranar da aka sami ɗan hargitsi sai wani ya tono ta ya sake saki kamar yau aka yi ta. Shi ya sa irin waɗannan saƙonni ba sa ɗauke da rana ko sunan wuri. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda ke iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, har a sa shugaba ko malami ko fasto ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. A da mukan ce gani ya kori ji. Yau ganin ma sai an bincika.

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne da kamfanonin da suka ƙera waɗannan abubuwa. Suna da nasu rabon, babu shakka. Bayan kashe-kashen da jita-jita ta haddasa a Indiya a 2018, kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya kuma game duniya da wannan ƙa'ida a Janairu 2019. Amma a lokacin, wuri biyar ɗin in zauruka ne, ai mutane ɗaruruwa ke nan. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, masu wayo suka bi ta bayan gida suka ci gaba da harkarsu. A nan Jihar Kaduna an rufe layukan waya a wasu sassa daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021 saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma duk wanda ke da dangi a yankunan da abin ya shafa ya san irin zullumin da ake shiga in an kira ba a samu ba. Inda labari ya yanke, nan shaci-faɗi ke tsiro. Akwai kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, amma doka sai bayan an yi ɓarna take zuwa, kuma tilas a yi hattara kada ta zama sandar dukan mai faɗar gaskiyar da ba a so.

Abin da nake roƙon hukuma shi ne saurin magana. Tun 1939 da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, an gane cewa maganin ƙanzon kurege shi ne a ba jama'a sahihin labari cikin harshen da suke ji. In wani abu ya faru da ƙarfe takwas, kada a jira sai la'asar a fito da sanarwa cikin dogon Turanci. A faɗa da wuri, a faɗa da Hausa da sauran harsunan jama'a, a faɗi wurin da abin ya faru da wuraren da ke lafiya, a kuma faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Hukumar da ta taɓa cewa babu komai alhali akwai, ranar da ta ce babu komai da gaske ba mai yarda da ita.

Amma babban nauyin yana wuyanmu, mu ma'aikata da ɗalibai, saboda dalili biyu. Na farko, mu ake ɗauka masu ilmi. In saƙo ya fito daga wayar akawu ko malamin makaranta ko ɗalibin jami'a, tsohuwar da ke gida ba ta sake tambaya, cewa za ta yi ai wane ne ya turo, shi da ke aikin gwamnati. Sunanka ya zama hatimi a kan maganar da ba ka san mafarinta ba. Abin mamaki, mutumin da ba zai sa hannu a takardar ofis ba sai ya karanta ta sau biyu ya duba lambarta da kwanan watanta, shi ne zai tura muryar wanda bai sani ba ga mutum ɗari biyu cikin ƙiftawar ido.

Na biyu, mu ne muka rage muna ƙetare kogin nan kullum. Ma'aikacin da ke kwana a Barnawa yana aiki a sakatariya tare da na Kawo. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke zaune a Kakuri yana aji ɗaya da na Unguwar Sanusi. Abin da masaƙu suka yi wa iyayenmu, ofis da aji ne kaɗai ke yi mana shi yanzu. Saboda haka kowannenmu yana da abin da direban nan ya yi amfani da shi, watau lambar mutumin da ke tsaye a wurin da ake magana a kai. Direban bai yi difloma a aikin jarida ba, amma abin da ya yi shi ne farkon darasin da aka koya mana: ka nemi wanda ya gani da idonsa.

To, ga shawarata, ba ta kuma bukatar ko kwabo daga baitulmali. Duk saƙon da ya zo maka babu sunan mai magana, babu wuri, babu rana, ka bar shi ya mutu a wayarka. In ya ambaci wuri, ka buga wa wanda ka sani a can kafin ka gaya wa kowa. In hoto ne ko bidiyo, ɗalibanmu sun san yadda ake bin sawun hoto a intanet a ga ranar da ya fara fitowa, su koya wa iyayensu, akwai kuma masu aikin tantance labarai irin su Dubawa. In ka gano ƙarya ce, kada ka yi shiru don kunyar wanda ya turo, ka koma zauren ka faɗa cikin ladabi, ko da kawunka ne. Masu kula da zaurukan unguwa da na masallaci da na coci da na tsofaffin ɗalibai su san cewa matsayinsu kamar na mai unguwa ne, abin da aka faɗa a ƙofar gidansu da saninsu aka faɗa. In kuwa ka duba wayarka kaf ba ka sami lambar mutum ko ɗaya a ɗaya gefen kogin wanda za ka kira ka yarda da maganarsa ba, to, gyaran daga nan zai fara, kuma gobe a ofis ko a aji ya kamata ka fara shi.

Da muka iso bakin kasuwa dattijon nan ya sauka, na ga ya tsaya a gefen titi yana duban jama'a suna ta harkokinsu, waya a hannunsa. Ina fata komawa ya yi zaurukan nan uku ya ce musu ga shi a cikin gari, lafiya lau. Allah Ya zaunar da Kaduna lafiya, gaba da bayan kogi.