Katin kyauta ba kyauta ba ne: ku daina zuba taki a gonar aro

1/ Jama'a yau zan taɓo abin da na san wasu za su zage ni a kai, amma sai na faɗa. Wannan yayin na buɗe akawun ɗin Amurka a waya, ana loda masa dala da katin kyauta, wato gif kad, ya shigo har ƙauyukanmu na arewacin Kano. Kuma yana cin kuɗin amfanin gona. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Kar wani ya ce maganar 'yan birni ce. Ka je Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunci ko Minjibir, ka zauna a shagon cajin waya bayan la'asar. Za ka ji yaro yana cewa "ni akawun ɗina na Amurka ne" da wani irin alfahari, kamar biza aka ba shi. Alhali ko Abuja bai taɓa zuwa ba.

3/ Abin da ya sa na yi zaren nan: ɗan baffana. Da kaka aka ba shi buhun wake ɗaya, ladan wahalar da ya sha da damina. Ya kai kasuwa ya sayar. Maimakon ya sayi akuya ko ya ajiye kuɗin taki, sai ya tura wa wani a WhatsApp, aka turo masa lambobin kati na dala 100.

4/ Ya loda, kuɗi suka shiga, har da saka hoto a sitatus. Bai ci ko kwata ba, bayan 'yan kwanaki aka rufe akawun ɗin. Ya kira ni: "Yaya, wai an kulle, ya zan yi?" Na ce ina wanda ya sayar maka? Ya ce ya toshe shi. Ina rasit? Babu. Adireshin da ka saka fa? "A intanet na kwafo."

5/ Wake ya tafi, dala ta tafi. Har yau Baffa yana zaton kuɗin suna banki. Ni kuma ban ga laifin kamfanin ba ko kaɗan. Laifin na mai sayarwa ne, da na kwaɗayi, da namu mu manya da muke gani muna yin shiru.

6/ Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. Shagon manhajoji na waya, App Store a iPhone ko Google Play a Android, a raba yake ƙasa-ƙasa. Katin da aka saya a Amurka, a akawun ɗin Amurka kaɗai yake shiga. Ba zai shiga akawun ɗin Najeriya ba ko za ka kwana kana gwadawa.

7/ To shi ya sa sai an fara da ƙarya. Ka ce kana zaune a Amurka, ka nemo adireshin gidan wani, masu wayo ma su ce ka zaɓi jihar Oregon ko Delaware don can ba a ɗora harajin saye. Kana ƙarƙashin darbejiya a garinku, amma a rubuce kai mutumin Oregon ne. Tun daga tushe an gina abin a kan iska.

8/ Ku ku sani, mu nan ƙasa ta yi mana kaɗan. Gonar kaka an raba ta gida goma, kowa da 'yar tasa. Shi ya sa kowa ya san bambancin gonar gado, da ta saye, da ta jingina, da ta aro. Ku tambayi kowane dattijo: wa yake kwashe takin gidansa kaf ya zuba a gonar aro?

9/ Babu. Saboda mai gona zai iya cewa bana zan noma abata, takinka kuma ya zama nasa. Akawun ɗin ƙasar da ba ka cikinta ya ma fi gonar aro muni. Mai gonar aro ya san da kai, da yardarsa ka shiga. Wannan kuwa ta katanga ka haura. Ranar da aka kore ka, gaban wane mai unguwa za ka kai ƙara?

10/ Yanzu ga babbar maganar: farashi. Ku ɗauko lissafi. A ce dala tana naira 1,500 a Wapa. Katin dala 100 na halal, sai da wani ya biya dala 100 cif a kanti kafin ya same shi. Kenan naira 150,000 ne, kafin ma a ɗora riba. Wani ya zo ya ce ka ba shi 110,000. Ina sauran 40,000 ɗin suka fito?

11/ Ɗan canji ba ya sayar da dala ƙasa da yadda ya saya. Ɗan kasuwar Dawanau ba ya sayen gero da tsada ya sayar da araha don yana ƙaunarka. Wanda kaɗai ke iya karya farashi haka kullum shi ne wanda bai biya komai ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

12/ Ga yadda yawancin katunan nan masu araha suke zuwa. A kira tsohuwa a Amurka, a ce daga ofishin haraji ne, ko a ce jikanta yana hannun 'yan sanda, ko a ce kwamfutarta ta kamu da cuta. Wani kuma a yi wata da watanni ana yi masa soyayyar ƙarya. Ƙarshe a ce je kanti ka sayo kati, ka karanto lambobin baya.

13/ Da an karanto, lambobin su fara tafiya daga hannu zuwa hannu a WhatsApp da Telegram, kowa yana cire nasa, har su iso wayarka. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta daɗe tana gargaɗi cewa duk wanda ya ce ka biya shi da katin kyauta ɗan damfara ne. Kai ne ƙarshen layin. Kai ne kasuwarsu.

14/ Wata hanyar kuma: a saci bayanan katin bankin wani a sayi gif kad da shi. Mai kuɗin ya kai ƙara bankinsa, a janye cinikin. Kamfani ya bi sawu ya ga inda aka loda. Akawun ɗin wa ya gani? Ba na ɓarawon ba. Naka. Ɓarawo ya karɓi nairarka tuni ya canza layi.

15/ Shi ya sa "ai ya shiga" ba hujja ba ce. Kuɗin kan shiga yau, a janye su bayan kwanaki. Mai sayarwa ya san haka, shi ya sa yake matsa maka: "loda yanzu-yanzu, bayan minti biyar babu ruwana." Kayan halal ba ya buƙatar wannan gaggawar.

16/ Kuma in an kulle, ba kuɗin kaɗai ke tafiya ba. Manhajojin da ka saya, gem ɗin da ka shekara kana ginawa, sabunta manhajoji, duk suna rataye da akawun ɗin. Ka nemi taimakon kamfani, su ce kawo shaidar inda aka sayi katin. Me za ka nuna? Hirarka da wani mai hoton mota a furofayil?

17/ Na san amsar da za ku ba ni, kuma ba zan yi kamar ba ta da ƙarfi ba. "Bankuna ne suka tura mu." Gaskiya ne. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata. Kafin shekarar ta ƙare wasu suka rufe ma gaba ɗaya.

18/ Ɗalibi mai son biyan manhajar karatu, mai ɗinki da ke son manhajar gyara bidiyo don tallar kayansa, wanda wayarsa ta cika yana son ƙarin ma'aji, duk aka bar su a rana. Laifin manufofin kuɗin waje ne, kuma talaka ne ya sha wahalarsu. Ban manta ba, ba kuma zan wanke kowa ba.

19/ Amma abu biyu sun canza. Na farko, dala. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati wajen naira 460 ne. Babban Banki ya saki naira, zuwa farkon 2024 dala ta haura 1,500. Abin da kake ɗauka ɗan canjin aljihu a da, yau kuɗin tiyoyin hatsi ne masu yawa.

20/ Na biyu, daga Yulin 2025 bankuna irin su GTBank da UBA da Wema sun sanar da dawo da biyan kuɗin waje da katin naira, kowa da iyakarsa. Ƙofar da aka rufe an buɗe. Amma saboda sabo, yaranmu har yanzu ta taga suke shiga, masu kati kuma ba za su taɓa gaya musu ba.

21/ Abin haushin ma, sau da yawa shagon Najeriya ya fi araha. A 2025 Apple Music a Amurka dala 10.99 ne a wata, sama da naira 15,000 kenan a lokacin. A akawun ɗin Najeriya bai kai naira 2,000 ba. Waƙoƙin da kake ji su ne dai. Ka yi ƙarya, ka ɗauki kasada, don ka biya ninki-ba-ninki. Wane irin wayo ne wannan?

22/ Mu kuma faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa ne suke loda katin nan don karatu? Yawanci UC ne na PUBG, da lu'ulu'un Free Fire, da kwabban TikTok. Furen TikTok kwabo 1 ne, zaki kuma kwabo 29,999. Akwai mai jefa kyauta a layif don a ambaci sunansa na daƙiƙa uku, alhali gonarsu ba ta ga buhun taki ko ɗaya ba.

23/ Ba na cewa kar a yi gem. Ni ma ina yi. Matashin da ya wuni yana shema ko yankan dawa yana da haƙƙin ya huta da dare. Abin da nake cewa: ka ji daɗinka da kuɗinka ta hanyar da ba za ta haɗa ka da hawayen wata tsohuwa ba, ba kuma za ta cinye guminka ba.

24/ Masu cewa "ai kuɗin Turawa ne, sun cuce mu a baya": kai malam, ka ji tsoron Allah. Ba daga gwamnatinsu aka sata ba. Daga 'yar fansho aka karɓa, irin Inna da ke ƙulle kuɗinta a bakin zani. A kasuwar Dambatta in aka kawo maka sa a rabin kuɗi da asuba, ka san me ake nufi, kuma ka san hukuncin mai sayen kayan sata.

25/ Masu cewa "ni ban sata ba, saya na yi": in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba don akwai masu saye ba, da lambobin nan ba su da amfani. Ku kuma tuna akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma EFCC tana da ofishi a Kano. Ranar da aka kama na sama, tarihin tura kuɗinka yana cikin wayarsa.

26/ Ku kuma masu shagon caji da POS da kuka mayar da abin sana'a, kuna karɓar waya ku buɗe wa yara akawun da imel ɗin da ku kaɗai kuka san kalmar sirrinsa: ƙannenku ne fa. Gobe ku za ku haɗu a masallaci da iyayensu. Ladan naira dubu bai kai a zubar da mutuncin gida ba.

27/ Akwai kati na halal? Akwai. Yayanka da ke can ya shiga kanti ya saya da kuɗinsa ya turo maka da rasit, wannan ba sata ba ce. Amma ka lura, irin wannan ba ya zuwa ƙasa da farashin dala. Kuma ko da shi, akawun ɗin dai na aro ne. Ka loda iya abin da za ka kashe yau. Kar ka mayar da shi rumbu.

28/ To mafita. Ka bar akawun ɗinka a Najeriya, da sunanka, da imel ɗinka, da lambarka. Ka je bankinka ka tambaya ko katinka yana biya a waje da kuma iyakarsa. In kana yawan biyan dala don sana'a, ka buɗe asusun dala na banki. Duk abin da ya faru, kana da inda za ka je ka tsaya da ƙafarka.

29/ Wanda ya riga ya shiga: fara kwashe hotunanka da takardunka zuwa wani wurin. A iPhone sai ka cinye ragowar kuɗin, ka dakatar da biyan wata-wata, kafin a bari ka canza ƙasa. A Google Play kuma ragowar kuɗin tsohuwar ƙasa ba ya aiki a sabuwa. Don haka ka daina ƙarawa daga yau.

30/ Ɗan baffana yanzu yana zuwa aikin rani, yana tara abin da zai mayar kafin Baffa ya tambaya. Rannan ya ce min: "Yaya, da akuya na saya da yanzu ta kusa haihuwa." Na ce to ka gani.

31/ Masu sayar da kati, na san kuna zuwa. Kafin ku zage ni ku amsa tambaya ɗaya tak: a wane kanti kuke saye, kuma ina rasit? Sauran jama'a, ku tura wa ƙannenku zaren nan kafin a cire amfanin bana. Allah Ya tsare mana guminmu, Ya ba mu na halal.