Samari, zance ba kasuwa ba ne

A fadojin shayi na Maradi da Damagaram, kuka ɗaya ake yawan ji daga samarin da suka fara neman aure: wai budurwa ta ci kuɗinsu ta juya musu baya. Amma in aka bi diddigi, sau da yawa saurayin ne ya haƙa wa kansa ramin.

Kuskuren farko shi ne ƙaryar arziki. Ya ari babur, ya ari shadda, ya ba da toshin jaka 10 alhali ko a mako bai samun haka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da asiri ya tonu, yarda ta tafi ke nan.

Na biyu, ɗoki da kishi marar kan gado: kira dare da rana, binciken salularta, fushi don ta yi jinkirin amsa saƙon WhatsApp. Wannan takura ce, kuma ita ke korar 'yan mata masu hankali.

Na uku ya fi shafar 'yan uwanmu da ke bida a Libiya, Aljeriya ko Abijan. Mutum ya yi ta aika guminsa ga yarinyar da ya sani a Facebook, iyayenta ba su ma san da zamansa ba. Ya dawo ya tarar an ɗaura mata aure, ba shaida, ba wurin kai ƙara.

Shawararmu ita ce: ka faɗi gaskiyar sana'arka, ka saurare ta, in ta ce ba ta so ka haƙura. In kuwa kun daidaita, tura magabata gidansu kafin ka tura kuɗi.