Yawon Sallah, Makarantar da Yaran Gesse Suka Rasa

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Gesse, cikin Birnin Kebbi, ya san yadda unguwar take komawa tun daga jajibiri. Gidaje da yawa a garƙame, an damƙa wa maƙwabci makulli. Motocin da suka saba cika layi da safe duk sun ɗauki hanya: wannan ta yi Zuru, waccan Yawuri, wata Jega, wata Kamba, wata Argungu. Haka nan a ƙarshen Disamba maƙwabtanmu Kirista sukan ɗaure kaya su tafi gida Kirsimeti. Ba abin mamaki ba ne. Gesse unguwar ma'aikata ce, ta bunƙasa ne bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta wayi gari hedikwatar jiha, ma'aikata suka kwaso iyalansu suna neman matsuguni. Kusan kowane magidanci a nan yana da wani garin da yake kira gida.

To amma an kwana biyu. Jariran da aka raɗa wa suna a Gesse a waɗancan shekaru yau su ne iyaye. Garin kakanni wurin ziyarar kwana uku ne a gare su; a Birnin Kebbi suka yi rarrafe, a nan suka yi makaranta, a nan suke neman abinci. Sai dai ka tare ɗaya daga cikin 'ya'yansu ka ce ya kai ka Makerar Gandu ko Takalau, ko ya nuna maka ta inda ake gangarawa Dukku, za ka ga yana zare ido. Ya san hanyar makaranta ta tagar mota, ya san shagon da ake sayen katin waya. Garin da ya rage kuwa, sai dai labari.

Mu da muka tashi a cikin gari kafin a yi jiha, ba wani malami da ya zaunar da mu ya koya mana Birnin Kebbi. Yawon Sallah ya koya mana. Ana saukowa daga Idi, a ci tuwon shinkafa ko waina, sai a sake mu, ƙungiya-ƙungiya, babban cikinmu riƙe da hannun ƙarami. Sabon takalmin roba yana cin dunduniya, hula ta yi yawa tana saukowa kan ido, amma ba mai zancen komawa gida. Gidan kawu, gidan gwaggo, gidan malamin allo, gidan abokin baba wanda ba ka san haɗinku da shi ba sai ka girma. Lungun da ka ɓata a cikinsa bara, bana kai ne jagora.

Kowane zaure da tambayarsa. Dattijo na kishingiɗe kan buzu, ya ɗago ya dube ka, ya ce, "Kai ɗan wa na?" Ka faɗi sunan mahaifinka. Ya ce, "Ɗan wane gida?" In ka yi shiru, sai ya ɗauko maka zancen daga kakan kakanka, ya gaya maka sana'ar gidanku da unguwar da kuka taso, sannan ya laluba aljihu ya ba ka sule. A cikin gida kuma kaka na jira. Tana hango ka za ta saki guɗa: "Ga angona nan! Ka zo da kuɗin cefane, ko hannu rabbana ka taho?" Kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce, "Barka da Sallah, Kaka." Ta kwance bakin zane, ƙulli cikin ƙulli, ta ciro kwabbai masu ɗumin jiki ta danƙa maka, ta haɗa da soyayyen nama a takarda. Kafin magariba aljihu ya yi nauyi, ƙafa ta yi buɗu-buɗu, kai kuma ya ɗauki abin da ya fi kwabban daraja: wa kake da shi a garin nan, kuma ta wace hanya ake zuwa wurinsa.

Sai kallon hawa. Mukan yi sammakon kama wuri a kan hanyar da Sarkin Gwandu zai bi zuwa fada. Tun ba ka ga doki ba za ka ji tambari da algaita da kakaki. Hakimai na wucewa kowa da ayarinsa, dawakai sun sha ado, 'yan tauri na goga wuƙa a ciki, mata na leƙe ta kan katanga. A nan ne yaro yakan fara tambaya. Ni tambayar da ta fara damuna ita ce: ga mu a Birnin Kebbi, don me ake ce wa sarkinmu Sarkin Gwandu, Sarkin Kabi kuma yana can Argungu?

Amsar wannan tambaya ita ce tarihin kwarin Rima gaba ɗaya. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya na Songhai, ya kafa daular Kabi, ya gina Surame da ganuwarta ta dutse, wadda kufanta ke cikin Jihar Sakkwato a yau. Daga baya sarakunan Kabi suka dawo da zama Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. A shekarar nan dai aka gwabza a Alwasa, inda masu jihadi suka yi asarar mutane da yawa. Abdullahi ya zauna Gwandu yana riƙe da yammacin daula, a can kuma kabarinsa yake. Kabawa ba su miƙa wuya ba: suka kafa sabon zama a Argungu, aka yi ta kai ruwa rana da su har zuwan Turawa. A farkon zamanin Turawan ne fadar Gwandu ta tabbata a Birnin Kebbi, shi ya sa fadar da ke tsakiyar gari take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Babban ɓangare na wannan tarihi yana nan a ƙarƙashin ƙafar yaron Gesse, tafiyar 'yan mintuna a kan kabu-kabu.

In Sallah ta kwana biyu, wanda ya yi sa'a sai wani babba ya ɗauke shi zuwa Argungu. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 50 ce, a bi ta Zauro da Ambursa. A lokacinmu abin kallo a hanya shi ne fadama: shinkafa iya ganinka, balbelu bayan shanu, masunta na shanya koma. Fadamar tana nan, ta ma ƙara suna. A Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamba 2015, aka yi shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016, kamfanin WACOT ya buɗe injin casa a Argungu a 2017, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Ruwan da ke ciyar da mu shi ne kuma yakan juya mana baya, kamar yadda ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a kwarin nan. Yaron da yake cin tuwon shinkafa kullum ya kamata a tsayar da mota a gefen hanya a nuna masa inda take fitowa, da injin ban-ruwa da ke kuka a bakin rijiya da rani, da mutumin da ke tsaye cikin laka har gwiwa.

A Argungu zango biyu ne. Na farko Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, wadda aka bari a 1942 da aka gina sabuwa, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. Ginin ƙasa ne mai kauri, kana shiga sanyi ya tarye ka ko da rana na tafasa a waje. A ciki akwai masu da takubba, kwari da baka, sulke, tambura, layu da kayan su, ga kuma kaburburan sarakuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sulke: zobba ƙanana na ƙarfe, an sarƙa su ɗaya cikin ɗaya da hannu. Sai ka tsaya kana lissafin watannin da maƙeri ya yi a kansa, da ƙarfin mutumin da ya sanya shi ya hau doki cikin zafin bazara. Babu littafin makaranta da zai sa wa yaro wannan nauyin a zuciya.

Zango na biyu Matan Fada. Duniya ta san wurin ne saboda bikin kamun kifi, wanda ya samo tsarinsa na yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi da shagali a bakin ruwa. Ranar su, dubban masunta kan jeru da homa da gora, ana harba bindiga su auka ruwa a guje, cikin awa guda a fara fito da giwan ruwa ana ɗorawa a sikeli. Ga kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwa, kamun kifi da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a lokacin da aka yi wannan karramawa bikin yana kwance. Ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, sai a Maris 2020 aka farfaɗo da shi. Yaron da aka haifa a farkon wannan tazara ya kusa gama firamare bai taɓa ganin abin da garinsu ya yi suna da shi ba.

Amma je ka Matan Fada ranar da ba biki, kamar washegarin Sallah. Ba taro, ba ganga, ruwa kwance, rumfar manyan baƙi fayau. Mai gaggawa zai ce ba abin kallo. Alhali a ranakun nan ne ake yin ainihin aikin. Kifin da ake ɗagawa sama ana tafi ba a ranar ya girma ba; ya girma ne saboda an hana su a wurin tsawon shekara, Sarkin Ruwa da mutanensa na lura, jama'a kuma na kiyaye doka ko ba mai ganinsu. Da kowa zai jefa koma ranar da ya ga dama, da ranar biki ba za a sami abin aunawa ba. Haka sha'anin gari da zumunci yake: ranar Sallah girbi ce kawai, abin da aka kiyaye a sauran ranaku shi ake gani.

Ba zan ɗora wa yaran yau laifi ba, iyayensu ma suna da hujja. Garin ya faɗaɗa: ga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a Ambursa, ga jami'ar tarayya a hanyar Kalgo, ga unguwannin da a da gonaki ne. Ababen hawa sun yi yawa, ranar Sallah matasa na gudun ganganci da babura, labarin rashin tsaro kuma ya sa kowace uwa ta kama ɗanta. Ba mai hankalin da zai ce a saki ɗan shekara bakwai ya keta gari shi kaɗai kamar yadda aka sake mu, balle a bar shi bakin gulbi ba babba. Sai dai da muka rufe ƙofa, ba mu buɗe wata ba. Goron Sallah yanzu ta waya ake tura shi, gaisuwa ta zama hoto ɗaya da ake aika wa mutum ɗari a WhatsApp, yaro ya ci ado a ɗauke shi hoto a gaban get, ya koma gaban talabijin. Ya sami kuɗin da ya ninka namu, amma ba dattijon da ya tambaye shi ɗan wane gida ne.

Maganin ba ya bukatar kasafin gwamnati. Abin da a da ƙungiyar yara ke yi da kanta, yanzu sai babba ya shige gaba. A ware rana ɗaya cikin hutun Sallah, ko ranar da ba a yi tafiya ba, ko bayan an dawo. A ajiye mota a bakin unguwa a taka da ƙafa. A kai yara su ga hawa, su tsaya a ƙofar fada, su shiga kasuwa su ga masu kifi da masu tukwane, su durƙusa su gai da tsoffin da suka rage. Wanda ba shi da dangi a cikin gari, ai yana da abokin aiki ko malamin 'ya'yansa. Zauren Birnin Kebbi bai taɓa korar mai gaisuwa ba. Wata Sallar a yi Argungu, wata a yi Gwandu. Maƙwabta su riƙa musayar yara: na Zuru ya tafi da ɗan Bakabe ya ga bikin Uhola, na Yawuri ya gayyaci ɗan Bazabarme kallon bikin Rigata. Masarautu huɗu ne a jihar nan, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma da wuya ka sami layi a Gesse da babu mutumin kowacce. Wannan arziki ne da mu 'yan cikin gari ba mu samu ba.

Dalilin da ya sa nake nanata zancen a kan Gesse musamman shi ne, daga irin waɗannan gidaje ake samun waɗanda ke zama a ofisoshi gobe. Cikin yaran nan akwai darakta, akwai babban sakatare, akwai kwamishina. Wata rana takardar gyaran rufin Gidan Kanta, ko ta yashe Matan Fada, ko ta hana gini a bakin fadama, za ta iso teburin ɗayansu tare da wasu takardu hamsin. Wanda ya taɓa tsayawa gaban sulken nan yana riƙe da hannun mahaifinsa zai karanta ta. Wanda bai taɓa zuwa ba zai tura ta ƙasan tari, kuma ba za mu iya ce masa komai ba, don mu ne ba mu kai shi ba.