Tarakta Mai Tashi Ran Da Ta Ga Dama

Makon nan za mu ɗan ajiye zancen taki, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun ran da na komo daga Dogarawa.

Kun dai san ƙananan taraktocin nan masu ƙafa biyu, waɗanda mutum ke bi a baya yana riƙe da ƙaho kamar mai huɗa da shanu. Galibinsu daga ƙasar Sin a kan kawo su. Injinsu mai silinda ɗaya ne, mai shan gas, ɗan'uwan wanda ke cikin injin niƙa, da hannu a ke murza shi ya tashi. Wani dattijo mai lambu a fadamar Galma yana da guda, ta kwana biyu ƙwarai. Da ita ya ke gyara nasa wurin, ya kuma yi wa maƙwabta aikin kuɗi. To, daidai lokacin da irin tumatir ya isa dashe, sai ta tsiro da wani hali. Yau murzawa ɗaya ta kama. Gobe a yi ta murzawa har hantsi, ko tari ba ta yi. Jibi kuma ta tashi garau, sai ka ce ba ita ba.

Sau biyu ana ɗauko bakanike daga Sabon Gari, duk ran da ya zo kuwa sai ta tashi a gabansa. Duk da haka ya sake nozul, aka biya. Da abin ya sake dawowa sai ya ce zobe ne ya cinye, sai an sauke inji. Dattijon nan ya fara lissafin buhun masarar da zai sayar. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Yara biyu ke bi da taraktar, yau wannan gobe wancan, sai aka lura duk safiyar da ta ƙi, ƙaramin ne ya ajiye ta jiya da yamma. Har an soma cewa hannunsa ba shi da albarka, wasu na raɗa ko an yi wa Baba sammu ne ta hannun yaron. Saura kaɗan a sallame shi.

Na ce, "Baba, kafin ka sayar da hatsi, bari mu tambayi yaran nan yadda kowa ke ajiye ta." Ya ce, "Malam, ajiya ai ajiya ce." Na ce a dai yi haƙuri a tambaya. Ashe ƙaramin, saboda tsananin kula, ba ya tafiya gida sai ya rufe ɗan famfon mai da ke ƙarƙashin tanki. Babban kuwa bai taɓa tunawa da shi ba. Muka durƙusa muka bi tiyon da ya taso daga famfo zuwa matatar mai, sai ga wata 'yar tsaga inda roba ta bushe, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi. In famfo yana buɗe, mai na ta ɗiga ƙasa duk dare, amma tiyo a cike ya ke kwana, da safe ta tashi. In an rufe, man da ke cikin tiyo ya tsiyaye, iska ta maye gurbinsa. Injin gas kuwa, muddin iska ta shiga hanyar mansa, ba ya tashi sai an fitar da ita. Shi kuma bakanike kafin a je a ɗauko shi rana ta yi, yara sun yi ta murzawa har iskar ta fice. Watau yaron da za a kora shi ne mai yin daidai.

Abin da ni ke so in faɗa ke nan, ko da masu gareji za su ji haushina. Injin da ke tashi yau ya ƙi gobe, ba a fara masa da sauke inji. Zobe in ya cinye ya cinye, ba ya warkewa ran Talata ya koma ciwo ran Laraba. Alamarsa ba ta ɓuya: kullum da wuya ya ke tashi, musamman da sanyin hunturu, yana shan baƙin mai, hayaƙinsa shuɗi-shuɗi, in ka murza shi ba tare da ka ɗaga ɗan ƙarfen sassauta numfashi ba sai ka ji ya juya sakwaf, ba ya ture hannunka. In babu waɗannan, cikin injin lafiya lau ya ke. Abin da ke zuwa ya tafi, wani abu ne da ke sakewa da zafi ko sanyi, ko yawan mai a tanki, ko yadda aka ajiye ta, ko wanda ya ajiye ta.

Saboda haka ran da ta ƙi, kada a yi fushi, wannan ce ranar bincike. Ka ɗaga ƙarfen nan, ka buɗe mata wuta, ka murza a hankali, ka kasa kunne. In mai na isa, za ka ji nozul na ɗan kuka, ƙit, ƙit. Sa'an nan ka sa yaro ya dubi bakin salansa sa'ad da ka saki ƙarfen. In farin hayaƙi na fita, mai ya isa, sai a nemi laifin a wajen iska ko sanyi. In ba kuka ba hayaƙi, mai ne bai zo ba. Sai ka sassauta notin da ke inda tiyo ya shiga famfon inji, ka bar mai ya zuba har kumfa ta ƙare, ka ɗaure. In ta tashi bayan wannan, ka kama ɓarawonka, saura ka nemi ƙofar da ya ke shigowa.

Ruwa ma yana wannan wasa. Tankin da ya kwana rabi, raɓa kan taru a cikinsa, ruwa kuwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a gindi, daidai inda inji ke zuƙa da safe. Maganinsa a cika tanki da yamma. Akwai kuma ɗan hujin da ke jikin murfin tanki. In ƙurar hunturu ta toshe shi, sai inji ya yi aiki kaɗan ya mutu, ya ƙi tashi, an jima kuma ya tashi. Ka kwance murfin ka gwada, ba ko kwabo.

Masu ƙananan na fetur, irin na Honda da masu kama da shi, ku duba baƙin mai tukuna. Da yawansu an sa musu abin da ke yanke wutar fulogi in mai ya yi ƙasa, don haka a wuri sosai ta tashi, a gangaren fadama ta ƙi. In kuwa da safe tana tashi amma in ta yi zafi ka kashe ba ta komawa sai ta huce, a zargi kwayil. Mai batir kuma, in ya murɗa makulli ya ji ƙas kurum, ya dubi kan batirin kafin ya sayi sabo. Farin garin nan da ke taruwa a wurin, ruwan kanwa na wanke shi, a goge, a ɗaure tam.

Ban ce kanikawa duk macuta ba ne. Mutum ya hawo babur tun daga Sabon Gari, ya tarar inji na aiki, mai inji kuma ba abin da zai iya gaya masa sai "jiya ta ƙi." In bai sake wani abu ba, ba za a biya shi ko kuɗin mai ba. Rabin laifin namu ne. Likita ma sai ka gaya masa yaushe zazzaɓi ke zuwa. A nan ne ni ke roƙon malaman ofis da 'yan makaranta da ke gidajen manoma: ku sayi ɗan littafi ku rataye wa tarakta. Kowace safiya a rubuta ta tashi ko ta ƙi, wa ya ajiye ta, ina, mai nawa ya kwana a ciki, a ina aka sayo shi. Kwana goma ya isa. In kuma za a sake wani abu, a sake ɗaya a jira, kada a sake uku a tashi ɗaya, a rasa wanne ne ya yi magani. 'Yan kasuwa masu sai da gas a jarka, ku ma ku ji tsoron Allah ku rufe durom, ku bar zuba na gindi wa manomi.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. Babban aikin noma da injuna da aka buɗe a Mokwa cikin 1949, an rufe shi cikin 1954. Dalilan suna da yawa, amma wahalar gyaran injuna a daji tana cikinsu. A Samaru kuwa tun 1922 a ke binciken noma, wurin ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, akwai masanan injunan noma a can. Daga Dogarawa zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce. Ni a ganina, duk wanda zai raba wa manoma taraktoci, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, wajibi ne ya haɗa da koyarwar yini biyu ga yaran da za su bi da su, domin su ne ke wurin da asuba sa'ad da ta ƙi.

Shi dai dattijon Dogarawa, tiyo taƙi ɗaya muka saya da maɗauri biyu, kuɗinsu bai kai na kaza ba. Masararsa tana nan a rumbu. Amma irin tumatirinsa ya yi tsawo a bedi kafin a dasa, maƙwabta biyu kuma sun gaji da jira sun kira mai shanu. Da zan tafi ya kira ƙaramin yaron ya ce, "Kai, ka ci gaba da rufe famfon nan, ka kuma koya wa yayanka."